Sankarar Mama: Inda Hoton Rediyo Ya Gaza, Ko Eko Zai Isa?

Ranar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024 wata doka ta fara aiki a ƙasar Amurka baki ɗaya. Dokar ta tilasta wa kowane asibiti da ke ɗaukar hoton mama na rediyo, wanda likitoci ke kira mamogarafi, ya rubuta wa matar da aka ɗauki hotonta ko mamanta mai cunkoso ne ko kuwa ba mai cunkoso ba ne, ya kuma gargaɗe ta cewa cunkoso yana iya ɓoye sankara ga idon na'ura. Wata 8 bayan haka, cikin Mayun 2025, masu bincike na jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a kan hanyoyi uku na sake duba irin waɗannan mata. Abubuwan nan biyu sun sake hura wutar wata muhawara da ta daɗe tsakanin likitoci: shin ya kamata a haɗa mamogarafi da eko, watau na'urar nan da ake duba cikin mai juna biyu da ita, ga duk macen da mamanta ke da cunkoso?

Maganar ta taso ne daga nesa, amma ba za ta tsaya can ba. Sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon daji, wasu kansa, ita ce kan gaba cikin sankarorin da ke kama mata a duniya, haka ma a Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano cutar ga mata miliyan 2 da dubu 300, ta kuma kashe dubu 670. Duk shawarar da manyan ƙasashe suka yanke a kanta, ba da jimawa ba takan iso ofisoshin Yamai cikin takardun masu ba da taimako da na masu sayar da na'urori. Gara a fahimci maganar tun ba ta iso ba.

Mene ne cunkoson mama

Maman mace abu biyu ne suka haɗu cikinsa: akwai kitse, akwai kuma naman da ke yin nono tare da zaren da ke riƙe shi. A hoton rediyo kitse baƙi yake fitowa, naman nono kuwa fari. Matsalar ita ce ƙullutun sankara shi ma fari yake fitowa. Duk macen da ta taɓa tsince shinkafa ta san wannan aiki: baƙar tsakuwa ba ta da wuyar gani, farar tsakuwa cikin tiyar shinkafa kuwa sai haƙori ya ba da labarinta. Maman da kitse ya fi yawa cikinsa, sankara kan fito fili. Wanda naman nono ya cika, shi ake kira mai cunkoso, kuma a nan ne ido ke iya wuce ta.

Ya kamata a lura da kyau: cunkoso ba cuta ba ne. Ba girman mama ba ne, ba kuma taurinsa ba ne a hannu. Ba ungozomar da za ta taɓa ta ce wannan mai cunkoso ne, sai hoto ya nuna. Likitocin hoto sun kasa shi kashi huɗu, A, B, C da D, daga mai yawan kitse zuwa mai tsananin cunkoso. A Amurka, cikin matan da suka kai shekarun dubawa, wajen 10 bisa 100 suna kashin A, 40 suna B, 40 suna C, 10 suna D. Kashin C da D su ne masu cunkoso, kusan rabin mata ke nan. Ya fi yawa ga mata masu ƙuruciya da marasa jiki, yana raguwa bayan mace ta daina al'ada, yana kuma ƙaruwa ƙwarai lokacin ciki da shayarwa.

Tun shekarar 1976 wani lokotoron hoto na birnin Ditiroyit, John Wolfe, ya lura cewa fasalin naman mama a hoto yana da alaƙa da haɗarin kamuwa da cutar. Binciken da Norman Boyd da abokan aikinsa suka yi a Kanada, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa mace mai tsananin cunkoso ta fi wadda kusan duk kitse ne haɗari har ninki 4 zuwa 5. Wannan lissafi ya tsorata mutane fiye da kima, domin ƙarshe da ƙarshe aka gwada. Idan da matsakaiciyar mace aka gwada, bambancin bai wuce ninki 2 ba. Abin da ya fi damun likitoci shi ne ɓoyon. Wani aiki da aka yi a birnin Niyok a kan mata fiye da dubu 11, aka wallafa a 2002, ya nuna mamogarafi yana kama 98 bisa 100 na sankarorin da ke cikin mama mai yawan kitse, amma cikin mafi cunkoso 48 kaɗai yake kamawa. Fiye da rabi ke nan suna wucewa, mace ta koma gida da takarda mai cewa lafiya lau.

Haka ya faru ga Nancy Cappello, wata ma'aikaciyar ilimi ta jahar Konetikat. Shekara da shekaru tana zuwa mamogarafi ba fashi, kullum ana ce mata ba kome. A farkon 2004, ƴan makonni bayan hoton ƙarshe da aka ce mai kyau ne, lokotoronta ya ji wani tudu da hannu. Aka sake hoto bai nuna kome ba. Aka ɗora eko sai ga ƙullutu na santimita 2 da rabi, cutar kuma ta riga ta kai kaluluwa 13 na hammata. A ranar ce ta fara jin cewa mamanta mai cunkoso ne, alhali likitocinta sun daɗe da sani. Ba ta yi shiru ba. Ta bi majalisar jaharta har aka kafa dokar sanar da mata a 2009, ita ce ta farko a ƙasar. Jahohi 38 suka bi sahu kafin gwamnatin tarayya ta maida abin na kowa. Ita kam ta rasu a 2018, ba ta ga wannan rana ba.

Sai dai dokar sanarwa kawai ta tilasta. Ba ta ce a yi wa kowa eko ba, ba ta kuma faɗi wanda zai biya ba. Dalilin wannan nauyin baki yana cikin sakamakon gwaje-gwaje.

Abin da eko ya ƙara, da kuɗin da aka biya

Eko ba ya aiki da hasken rediyo. Sauti ne yake aikawa, wanda ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, sautin ya bugi nama ya dawo, na'ura ta maida amsa-kuwwar hoto. A wannan hoto naman nono yana fitowa da haske, akasarin ƙullutan sankara kuwa da duhu. Farar tsakuwar ta koma baƙa ke nan. Yana kuma rarrabe ƙullutu mai ruwa, wanda galibi ba shi da lahani, da mai tsoka, wanda ke bukatar bincike. Amma shi ma yana da makantarsa. Akwai wasu ƴan mitsi-mitsin ɗigo masu kama da garin alli da kan taru cikin hanyoyin nono, waɗanda sau da yawa su ne alamar farko ta cutar. Mamogarafi yana ganin su sarai, eko kuwa yakan wuce su. Saboda haka ne a ƙasashen da ke da duka biyun ba a maganar ɗaya ya maye gurbin ɗaya, maganar haɗawa ake yi.

Babban gwaji na farko shi ne wanda Dokta Wendie Berg ta jagoranta a asibitoci 21 na Amurka da Kanada da Ajantina, aka wallafa a 2008. An duba mata wajen dubu 2 da 600, dukansu masu cunkoso kuma masu wani ƙarin haɗari, kamar wadda ta taɓa yin cutar ko take cikin danginta. Mamogarafi shi kaɗai ya gano sankara ga kusan mata 8 cikin kowace 1000. Da aka ƙara eko, adadin ya kai kusan 12. An samu ƙarin 4 ke nan cikin 1000, akasarinsu ƙanana, ba su kai ga kaluluwa ba. Ga waɗannan mata huɗu, ba ƙaramin rabo ba ne.

To amma ga ɗaya gefen. Idan na'ura ta ga abin da take tuhuma, sai a soka allura a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin bincike, domin nan ne kaɗai ake tabbatar da sankara. Cikin matan da mamogarafi ya sa aka nemi yi musu haka, fiye da 2 cikin 10 cutar ce da gaske. Cikin waɗanda eko ya sa aka nema, ko 1 cikin 10 ba ta cika ba. Sauran 9 ɗin sun sha suka, sun biya kuɗi, sun kwana ba barci su da iyalansu, ƙarshe aka ce ba kome. Ga kuma lokaci: kowace mace ta ci wajen minti 19 na lokotoro ƙwararre. Wanda ya iya lissafi ya buga ya gani: mata 1000 sun ci sa'o'i fiye da 300, kusan kwanakin aiki 40 ke nan na mutum guda, kafin a samo waɗancan huɗun.

Gwajin da ya fi kowanne nauyi a ƙasar Japan aka yi shi, inda cunkoso ya yi yawa ga mata, cutar kuma takan kama su tun suna cikin shekaru 40. Farfesa Noriaki Ohuchi na jami'ar Tohoku ya jagoranci aikin. Tsakanin 2007 da 2011 aka ɗauki mata dubu 72 da 998, masu shekara 40 zuwa 49, aka raba su gida biyu da ƙuri'a: gida guda mamogarafi kaɗai, ɗaya gidan mamogarafi da eko. Rabon ƙuri'a shi ne gishirin irin wannan bincike, domin shi ke hana a ce masu kuɗi ko masu ilimi ne suka taru gefe guda. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2016 ya nuna an gano sankara 184 a gidan da aka haɗa, 117 a ɗaya gidan. Haɗin ya kama 91 bisa 100 na sankarorin da ke akwai, mamogarafi shi kaɗai 77.

Akwai wani adadi cikin rahoton da ya fi waɗannan muhimmanci, ko da yake ba shi ne jaridu suka fi ɗauka ba. Shi ne na sankarar tsakani, watau wadda ta fito fili da kanta bayan an duba mace an sallame ta, tun lokacin dubawa ta gaba bai zo ba. Irin wannan ita ce shaidar cewa na'ura ta yi kuskure, kuma galibi ita ce mai saurin girma. A gidan mamogarafi kaɗai an samu 35, a gidan da aka haɗa 18. Raguwar kusan rabi ke nan, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan eko ke riƙe da ita. A nan ma an biya farashi: cikin lafiyayyun mata 100, an kira wajen 12 su dawo a sake bincike, maimakon 9. Wani abin lura kuma, da aka sake nazarin wani sashe na matan a 2021, sai aka ga eko ya taimaka har ga waɗanda mamansu ba mai cunkoso ba ne. Ashe ƙuruciya ma kanta dalili ce.

Tambayar da rahoton 2016 bai amsa ba ita ce babba: shin mace-mace sun ragu? Gano cuta da wuri ba kullum ne yake nufin tsawon rai ba. Akwai sankara mai tafiyar hawainiya, wadda ko an bar ta zuwa hoton baɗi za a cim mata; akwai mai gudu, wadda ko yau aka gan ta ta riga ta yi nisa. Ana bukatar shekaru da yawa ana bin matan gida biyun kafin a ƙirga waɗanda suka rasu. Saboda haka ne a watan Afrilun 2024 kwamitin masana da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan rigakafi, da ya ce a fara mamogarafi daga shekara 40 zuwa 74 duk bayan shekara biyu, ya ƙara da cewa hujja ba ta isa ba ya ce a yi ko kar a yi ƙarin eko ga masu cunkoso. Abin mamaki, shekara guda ce: hukuma ɗaya ta ce a faɗa wa mace tana da matsala, ɗaya ta ce ba ta san abin da za ta ce mata ta yi ba.

Turai ma ba ta da baki ɗaya. Ƙasar Otirishi, tun 2014, ta sa eko cikin tsarinta na ƙasa ga masu cunkoso, a yi shi nan take bayan hoto. Faransa, wadda tun 2004 take gayyatar mata masu shekara 50 zuwa 74 duk shekara biyu, ta bar wa lokotoron hoto ya ƙara eko idan ya ga dama ce. Holan kuwa wata hanya ta gwada, ta na'urar IRM mai aiki da maganaɗisu: cikin mata fiye da dubu 40 masu tsananin cunkoso, sankarar tsakani ta ragu da rabi ga waɗanda aka gayyata, kamar yadda aka wallafa a 2019.

Sa'an nan gwajin Kambirij na 2025 ya zo ya rage wa eko daraja. Farfesa Fiona Gilbert da abokan aikinta sun ɗauki mata fiye da dubu 9, masu shekara 50 zuwa 70, masu cunkoso, waɗanda mamogarafi ya ce ba su da kome. Cikin kowace 1000, eko mai sarrafa kansa, wanda inji ke zagaya mama da shi ba hannun mutum ba, ya samo sankara 4. Gajeren IRM ya samo 17. Mamogarafi na musamman, wanda ake yi bayan an sa wa mace wani ruwa ta jijiya mai haska ƙullutu, ya samo 19. Ƙullutan da hanyoyin nan biyu suka gano kuma sun kai rabin girman na eko kaɗai. Ga ƙasar da ke da hali, alamu sun nuna ba eko ne zai ci wannan kokawa ba.

Inda maganar ta shafi Nijar

Duk abin da aka zayyana a sama maganar lafiyayyun mata ce, waɗanda ba sa jin kome, hukuma ta aika musu takarda su zo a duba su. Wannan tsari yana bukatar rajistar sunaye da adireshi, na'urori a kowace gunduma, masu gyara su, likitocin hoto masu yawa, da kuɗin da ba ya yankewa. A Nijar na'urorin mamogarafi ƴan kaɗan ne, akasarinsu a Yamai. Macen da ke Maraɗi tana da tafiyar kilomita wajen 660 kafin ta iso babban birni, ta Damagaram kusan 900. Ba za a yi maganar ƙari a kan abin da babu shi ba. Ita kanta OMS, tun cikin matsayin da ta bayyana a 2014, ta ce inda tsarin kiwon lafiya bai yi ƙarfi ba, abin da za a sa gaba shi ne gano cutar da wuri ga matan da suka riga suka ji alama.

Halin da ake ciki a Afirka ya tabbatar da haka. Wani nazari da ya tattara bincike 83 na ƙasashen kudu da Sahara, aka wallafa a 2016, ya nuna 77 bisa 100 na matan baƙar fata suna isa asibiti ne cutar tana mataki na 3 ko na 4. Wani kuma da ya bi mata a ƙasashe biyar, aka wallafa a 2020, ya samu rabinsu ne kaɗai ke raye bayan shekara 3. A asibitocin kudancin Nijeriya da aka bi, 36 bisa 100 ne. A ƙasashe masu arziki fiye da 90 bisa 100 suna raye bayan shekara 5. Ƙullutun da ya kai girman lemun tsami, ko wanda ya riga ya fashe, ba cunkoso ne ya ɓoye shi ba. Nisa ne ya ɓoye shi, da rashin kuɗin mota, da kunya, da jiran izinin maigida, da watannin da aka ɓata wajen shafe-shafe da turare, wani jikon kuma har da ma'aikacin jinya da ya ba da maganin ƙurji sau uku ya ce a dawo.

Duk da haka, labarin cunkoso yana da darasi ga ƙasar nan, kuma darasin ya fi ba eko gaskiya fiye da yadda ya ba shi a Ingila. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, tsofaffi kuwa kaɗan ne. Saboda haka matan da cutar ke kamawa a Afirka ta Yamma akasarinsu ba su kai 50 ba, alhali a Turai 8 cikin 10 sun haura 50. Ga kuma yawan haihuwa da doguwar shayarwa: mace tana iya shafe shekara 20 tana tsakanin goyo da ciki. Gaskiya ne haihuwa da shayarwa suna rage haɗarin cutar a tsawon rayuwa, amma ba sa hana ta, kuma lokacin da mama ke cike da nono shi ne lokacin da mamogarafi ya fi makancewa, shi ne kuma lokacin da kowa zai ce ƙullutun daskarewar nono ce. Ga mace mai ciki, ko mai shayarwa, ko wadda ba ta kai shekara 30 ba, idan ta zo da ƙullutu, ƙa'idar likitoci ko a ƙasashe masu arziki ita ce a fara da eko.

Na'urar eko kuwa ba baƙuwa ba ce. Aikin awon ciki ya riga ya kai ta cibiyoyin uwa da ɗa na manyan biranen jahohi da asibitocin gundumomi da yawa, mata sun san ta, ba sa tsoronta. Ba ta da tsadar mamogarafi, akwai ƙanana masu aiki da batir. Sai dai akwai abu biyu da masu rubuta takardun saye ya kamata su riƙe. Na farko, kan na'urar da ake ɗorawa a ciki ba shi ne na mama ba. Na ciki mai lanƙwasa ne, yana kai wa zurfi amma ba ya rarrabe ƙananan abubuwa. Na mama miƙaƙƙe ne, ba ya nisa amma yana gani dalla-dalla. Asibitin da aka kai wa na'ura ba tare da miƙaƙƙen kai ba, ba a kai masa na'urar mama ba. Na biyu, eko idon mai riƙe da shi ne. Hoton mamogarafi ana iya aika shi wani ƙwararre ya sake karantawa. Abin da hannun mai eko ya tsallake kuwa ya tafi ke nan, ba ya cikin kowane hoto. Idan ƙwararrun Amurka sun yi kuskure 9 cikin 10 wajen neman allura, sai a auna yadda za ta kasance ga wanda aka horar kwana uku.

A nan ne haɗarin kwaikwayo yake. A ce, cikin zumuɗin watan Oktoba da ake keɓewa kowace shekara domin wannan cuta, an tara lafiyayyun mata 1000 a Tawa ko Madawa an bi su da eko. Gomomi daga cikinsu za a ce an ga wani abu. Kowace ɗaya tana bukatar allura, naman yana bukatar ruwan da ke adana shi, da mota, da lokotoro mai duba shi a madubin ƙara girma, waɗanda ƴan ƙalilan ne kuma akasarinsu a Yamai. Layin da suka tsaya ciki shi ne layin da matar da ke da ƙullutu na gaske take jira. An tayar da hankalin gida hamsin, an sayar da awaki, an jinkirta wadda ta fi kowa bukata. Na'ura guda ce, amma amfaninta ya danganta ga wadda aka ɗora wa ita.

Da tsohuwar zuma ake magani. A birnin Mumbai na ƙasar Indiya, asibitin Tata ya bi mata dubu 151 da 538 na unguwannin talakawa har shekara 20. Ba a yi amfani da na'ura ko ɗaya ba wajen dubawar farko: mata ne masu ilimin sakandare aka horar su duba mama da hannu, duk bayan shekara biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna waɗanda aka gano cutarsu a mataki na 3 ko na 4 sun sauka daga 47 zuwa 37 bisa 100, kuma ga matan da suka kai shekara 50 mace-mace sun ragu da kusan 30 bisa 100. Ga waɗanda ba su kai 50 ba raguwar ba ta bayyana ba, kuma wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ta ba, tun da su ne suka fi yawa a nan. Amma hanyar ta nuna tsarin da ƙasa mai ƙaramin hali za ta iya ɗauka: hannu horarre a ƙauye, eko a gunduma ga wadda aka ji wa wani abu, allura a babban birnin jaha, mamogarafi kuma inda yake akwai, domin a duba ɗaya maman da abin da eko ba ya gani.

Ƙarshen hanyar ba kango ba ne. Nijar tana da rajistar masu sankara tun 1992. A 2007 gwamnati ta ɗauki dokar jiyya kyauta ga sankarorin mata. A watan Maris na 2021, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya AIEA, aka buɗe sashen jiyya da haske mai ƙona sankara a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai, abin da a da sai an fita waje. Abin da ya rage shi ne tsakiyar hanya, daga ranar da mace ta nuna ƙullutu zuwa ranar da takardar ɗakin bincike ta dawo hannunta. Shirin da OMS ta ƙaddamar a 2021 ya sa ma'auni uku: a gano aƙalla 60 bisa 100 a mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma 80 bisa 100 su kai ƙarshen jiyya. Babu maganar cunkoso cikinsu, babu sunan wata na'ura.

Ga ƴan matan birni da ke da halin yin mamogarafi, a Yamai ko a waje, haƙƙinsu ne su tambayi lokotoro kashin da mamansu yake ciki, A ne ko D, kuma idan C ne ko D su tattauna da shi batun eko, musamman idan uwa ko ƴar'uwa ta taɓa yin cutar. Wadda kuma ta ji ƙullutu da hannunta, ko ta ga kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta yi kamar ɓawon lemu, takardar mamogarafi mai cewa lafiya lau ba ta rufe magana ba. Sai an ɗora eko, idan ya cancanta a ɗebi nama. Ga shugabannin asibitocin gundumomi kuwa, bayan an naɗe tutocin Oktoba, rahoton da ake aika wa ma'aikatar kiwon lafiya ya kamata ya wuce adadin matan da aka duba: ya faɗi nawa aka ji wa ƙullutu, nawa cikinsu suka kai ga eko, nawa suka kai ga allura, da kwana nawa kowace ta yi tana jiran amsa.